Yayen yaro a gidan kaka: amsa ga 'yar ɗan'uwana

'Yata,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Na ji saƙonki har ƙarshe. Kin ce yaron ya shiga wata 19, Hajiya mahaifiyar mijinki ta aiko a kai mata shi Funtua ta yaye shi kamar yadda aka saba, ke kuwa zuciyarki ta ƙi kwanciya, domin bai san ta ba sai ganin sallah, ga shi ba ya barci sai da tsohon ɗankwalinki a hannu. Kin kuma tambaya ko a jira a haɗa yayen da ranar da zai cika shekara 2.

Hajiya ba ta zo da baƙon abu ba, kada ki riƙe ta a rai. Kowane gida da nasa tsarin, amma galibi a kan tsayar da rana, sau da yawa Juma'a, a karɓo rubutu wajen malam, a dafa ɗanwake ko a dama kunu a yi sadaka ga yaran unguwa, yaro ya sha nononsa na ƙarshe da safe, sannan a kai shi wurin kakarsa ko wata dattijuwa ta dangi. Ya yi mako guda ko biyu, wani har kwana arba'in, a dawo da shi da sabbin kaya, wani lokaci har da 'yar kaza da za ta zama jarinsa. Akwai hikima a ciki. Yaron da ke ganin uwarsa yana jin ƙanshin nono ba ya haƙura da wuri, uwa kuma ba ta iya jure kukan tsakar dare, sai ta sake ba shi, a koma gidan jiya.

Amma ki duba yadda gidajen suke a lokacin da aka kafa wannan al'ada. Kakar tana sashenta a cikin gida ɗaya, ko a unguwa ɗaya. Ita ta yi masa wanka tun yana jinjiri, ta goya shi, a hannunta ya koyi shan koko. Ranar yaye nono kaɗai ake raba shi da shi. Yanzu idan kika sa shi a mota kika ajiye shi a wurin wadda bai sani ba, kin raba shi da nono, da uwa, da ɗakin da ya saba, da abincin da bakinsa ya sani, duk a yini ɗaya. Irin wannan yaron ne yake ƙin cin abinci, ya yi ta kuka har murya ta dushe, zawo ya biyo baya, a dawo da shi ya rame a ce yaye bai karɓe shi ba. Laifin na gaggawa ne. A yi al'adar, amma a shirya mata.

Batun lokaci, ba a makara ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma ayar ta ce idan uwa da uba suka so yaye bisa yarda da shawara a tsakaninsu babu laifi a kansu. Ke nan hukuncin yana hannunki da mijinki. Ma'aikatan lafiya ma shawararsu ke nan, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da abinci. Zancen da ake yi cewa namiji idan ya daɗe yana shan nono zai zama daƙiƙi ba shi da tushe. Haka ma idan ciki ne ya shiga, nonon bai lalace ba. Abin da ake kira shan ciki, yawanci yaron da aka cire wa nono farat ɗaya ne aka bar shi da kunu tsararo. Idan haka ta kasance gare ki, ki faɗa a wurin awo, su duba ki su gaya miki ko za ki iya janyewa a hankali.

Kada a yaye shi yana ciwo, ko ya tashi daga ciwo bai mayar da jikinsa ba, ko fiƙa da turamensa suna fitowa. Ki guji tsakiyar bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke ƙafar da ruwan jikin yaro kuma ƙyanda ke yawo. Bayan girbi ya fi, gari ya yi sanyi, gero da gyaɗa da wake sababbi ne. Ki duba katinsa ki tabbata ya karɓi allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15.

Babban ma'auni shi ne abinci. Ba a fara cire nono sai yaro yana cin abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Kowane zama ya ci abin da ya kai kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa kofi cike, ina nufin kofin da rabin ledar fiya wata ke cikawa. Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin idan kika haɗa shi da manyan yara ba za ki san abin da ya shiga cikinsa ba.

Kunun da ake dama wa yara a gidaje da yawa ruwa ne zalla, yana cika ciki ba ya gina jiki. Ga yadda za ki haɗa gari mai kyau: gero ko dawa gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. Ki jiƙa waken suya ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya shi ya bushe ƙayau, sannan ki soya shi a kasko babu mai har ya yi ja-ja ƙarnin ya fita. Idan bai soyu ba yana kumbura wa yaro ciki. Gyaɗar ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna ko ta yanƙwane ki zubar, domin gubar da ke cikinta tana taɓa hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Ki wanke geron, ki rege, ki shanya, ki ɗan soya shi sama-sama. A haɗa a niƙa a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi. Kada ki haɗa da yawa, na mako biyu zuwa uku ya isa, saboda man gyaɗar yana sa garin ya canja ɗanɗano idan ya daɗe. Wajen damawa, ki kwaɓa cokali 3 na cin abinci da ruwan sanyi, ki juye a tafasasshen ruwa, ki yi ta juyawa a kan wuta kamar minti 10 ya dahu sosai. Kaurinsa ya zama idan kika karkata cokali ba zai zube ba. Ki ɗiga ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. Wanda ya rage ya wuce awa 2 a ajiye kada ki ba shi, daga nan zawo ke farawa.

Bayan kunu, ya ci abin da gida ke ci: tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake, alala, dankali, ƙwai dafaffe, kifi da aka cire wa ƙaya, hanta idan ta samu, garin zogale a cikin miya, gwanda da ayaba. Tunda nono zai tafi, yana bukatar kofi 1 zuwa 2 na madara a rana, ko nonon shanu da aka tafasa, da ruwa mai tsafta da ya kusa lita guda a lokacin zafi. Shayi ba abincin yaro ba ne, yana hana jiki amfana da sinadarin da ke ƙara jini. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da aya da alewa mai tauri kuwa a nisanta su da shi, suna sarƙe yaro.

Sai janye nonon. Ki fara da shan da bai damu da shi sosai ba, galibi na hantsi. Ki ba shi abinci kafin ya nema, ki fita da shi tsakar gida. Bayan kwana 3 ko 4 ki cire na la'asar, sannan na safe. Na dare shi ne na ƙarshe kuma shi ya fi wuya. A nan babansa zai yi amfani: ya ɗauke shi ya jijjiga, ya ba shi ruwa a kofi, ke ki kwanta da riga mai rufaffen wuya. Dare uku na farko za a sha kuka, daga nan ya fara sauƙi. Duka-duka mako 3 zuwa 4 ne. Kada ki shafa maɗaci ko shuwaka a kan nono, balle barkono. Yana iya shiga idonsa, yana tsattsage fatarki, kuma yaro na iya tsorata har ya ƙi karɓar komai daga hannunki. Kada kuma ki yarda kowa ya ba shi maganin tari ko na mura don ya yi barci. Wannan ganganci ne da ran yaro.

Yanzu ɗankwalin. Na san za ki ji masu cewa sangarta ce, a ƙwace a jefar. Kada ki saurare su. Ƙanshinki ne a jikin ƙyallen, shi ya sa yake murza gefensa da yatsu yana kai shi hanci idan barci ya zo. A kwanakin yaye babu abin da zai taimake ki kamarsa. Ki raba shi gida biyu da almakashi tun yanzu, ki kalmashe bakin kowanne ki ɗinke don kada zare ya naɗe masa yatsa, kuma kowane ɓari ya zama gajere yadda ba zai zagaye wuyansa ba. Ki riƙa musanya masa su duk bayan kwana biyu don su tsufa tare, su ɗauki ƙanshi ɗaya. Idan kika ɓoye ɗaya sabo fil sai ranar da ɗayan ya ɓace, zai sunsuna ya yar. Ki wanke su ɗaya bayan ɗaya da sabulun da kika saba, ba turare, sannan ki kwana da wankakken a jikinki kafin ki ba shi. Ranar tafiya kada a wanke. Idan ta faru duka sun ɓace, kada ki ce masa kare ya ɗauke ko dodo ya tafi da shi, tsoro za ki ƙara masa. Ki gaya masa ya ɓace, ki bar shi ya yi kukansa a jikinki, ki ba shi wani tsohon zanenki da kika kwana da shi. Dare biyu ko uku zai karɓa. Yawancin yara da kansu suke yar da irin wannan abu idan suka fara wasa da sa'o'insu.

Maganar Hajiya, mijinki ne zai kai ta, ba ke ba, kuma da ladabi: an karɓi umarninta, ana neman ta ba da wata biyu ko uku a shirya mata jikanta. Abin da ya fi shi ne ta zo ta yi mako biyu a wurinku, ko ke ki tafi da shi Funtua ki yi kwana goma. Ita za ta riƙa ba shi abinci, ta yi masa wanka, ta goya shi, ya koma kwana a ɗakinta kina cikin gidan. Idan ya fara miƙa mata hannu da kansa, to kina iya tafiya. Ki yi masa sallama ya gan ki, kada ki sulale yana barci, domin wanda aka yi wa haka ba ya ƙara yarda ya rufe ido. A kuma tsayar da ranar dawowa a gaban kowa tun kafin a rabu. Ɗan fari ne, kuma a gidaje da yawa daga yaye ake zarcewa riƙo ba tare da an furta ba. Idan riƙo ake nufi a faɗe shi a fili ku yi shawara, kada kunyar ɗan fari ta rufe miki baki ki zo kina kuka a ɓoye.

Ki haɗa masa garin kunu, kofinsa da cokalinsa, gidan sauro, katin rigakafi, ɗankwalin, da gishirin zawo na ORS da ƙwayar zinc. Ƙunshi ɗaya a lita guda ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu, amma a duba abin da aka rubuta a jikinsa. A ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, zinc kuwa ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10 ko da zawon ya tsaya, kuma ba a daina ba shi abinci. Idan ido ya faɗa, ko ya kasa shan komai, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a nufa a ranar, ba jiƙo ba. Kumburin ƙafa alamar tamowa ce mai tsanani. A asibiti suna auna dantse da wani tef mai launi, idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, yana bukatar magani nan take.

Ke ma ki kula da kanki. Idan nono ya cika ya yi tauri, ki tatse kaɗan yadda za ki ji sauƙi kawai, idan kika tatse duka sabo zai kawo. Ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki ɗaure ƙirji tamau. Wuri ya yi ja yana zafi ga zazzaɓi, ki je a duba ki kafin ya tara ruwa. Ranar da ya dawo zai iya juya miki baya, ko ya manne miki ya kai hannu riga. Ki rungume shi, kada ki doke shi, kada kuma ki ba shi.

Zagayowar ranar haihuwa ba al'adarmu ba ce, mu suna muka sani da yaye da kaciya da sauka, malamai kuma sun saɓa a kanta, don haka ku bi abin da kuka natsu da shi ke da mijinki. Idan shekara biyun shayarwa kike son cikawa, da watan Musulunci ake ƙirga ta, kuma tana riga ta kalandar bature cika da kamar kwana 22. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tara masa jama'a da hayaniya da kayan zaƙi a ranar da za a raba shi da nono. Idan kuna son yin wani abu, ku bari ya dawo ya yi mako biyu yana ci yana barci lafiya, sannan a soya waina a raba wa yaran maƙwabta, a yi masa addu'a, a kai wa Hajiya nata kason da turmin atamfa na godiya.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan angona.

Gwaggonki