Wankin ciwo a gida: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, yanzu gyambo ya fito masa a ƙugu. Asibiti sun ce nas za ta riƙa zuwa gida tana wanke masa. Anya zai warke kamar a gadon asibiti?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Ka kwantar da hankalinka, tsarin ba sabo ba ne. Asibitocin gwamnati na birnin Paris sun fara jinyar gida tun 1957, a Ingila ma nas-nas ɗin unguwa ne ke wanke yawancin tsofaffin gyambuna. Yana aiki idan nas tana auna gyambon, tana rubutawa, likita kuma yana bibiya. Sai dai ita mintoci za ta yi ta tafi, sauran aikin naku ne. Dannewar jiki a wuri ɗaya ce ke hana jini isa ga fata, don haka ku riƙa juya shi duk bayan awa 2, har da dare. Kada fitsari ya kwana a shimfiɗarsa. Ku ba shi ƙwai, wake da kifi, domin jikin da bai ƙoshi ba ba ya haɗa rauni.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ƙusa ta soke ni a tafin ƙafa, amma ba ya min zafi. Zan iya wankewa da kaina?

Amsa: A'a, malam, ka tafi asibiti yau. Rashin zafin ne ya fi tayar min da hankali, don suga na kashe jijiyoyin ƙafa, ciwo ya yi ta ci ciki mutum bai sani ba. A duba zurfinsa da gudun jini, a yi maka allurar tetanus. Bayan haka ne za a yi maganar wanki a gida.

Tambaya: An yi min tiyatar haihuwa, surukata ta ce a fara wankan jego.

Amsa: Hajiya, ki lallaɓa Inna, ruwan zafi kada ya taɓa ɗinkin. Kada a shafa toka, man shanu ko garin magani. Idan kin ga mugunya, wari, kumburi ko zazzaɓi, ki koma asibiti ba tare da jiran ranar zuwan nas ba.