Banki ya kwashe kuɗin asusuna ya biya kansa bashi: doka ta ba shi wannan ikon?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, atamfa da shadda nake sayarwa. Bara na karɓi rance a banki don ƙara jari, kasuwa ta tsaya, na yi wata uku ban biya ba. Kwatsam sai alat ya shigo, sun kwashe abin da ke asusuna na ajiya da ke bankin. Bayan kwana biyu aka sake cire wasu kuɗin daga asusuna na wani banki daban. Abin da ya hana ni barci, a cikin na biyun akwai kuɗin marayun yayana da nake riƙe musu. Ba ajiya na ba su ba? Ta yaya za su taɓa amana ba da izinina ba?

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya kawo buɗi a kasuwa.

Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba. A idon doka, kuɗin da ka zuba a asusu bashi ne ka ba banki. Da zarar kashiya ta ƙirga takardun dubu-dubun nan ta jefa a aljihun tebur, sun zama na banki. Yana iya juya su, ya ranta wa wani, ya ci riba. Abin da ya rage maka shi ne alkawarin zai biya ka daidai adadin a ranar da ka nema. Kotun ƙolin Ingila ta wancan zamani ce ta kafa wannan ƙa'ida a shari'ar Foley da Hill a 1848, kuma a kanta kotunan Najeriya suke tafiya har yau. Malaman fiƙihu na zamani ma haka suka ɗauki asusun yau da kullum, shi ya sa bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ya gina nasa a kan ƙardu, wato rance marar ruwa. Ajiya ta gaskiya ita ce a ce sarƙar gwal ko takardar gida ka ba su su kulle maka, wannan ba su da ikon taɓawa.

To, tunda kana bin banki a asusu ɗaya, shi kuma yana bin ka a ɗaya, sai maganar cire wannan daga wancan ta taso, kamar yadda kuke yi a Kwari idan maƙwabcin rumfa ya karɓi bandir biyu a wurinka, kai ma ka karɓi ɗaya a wurinsa. Amma wannan iko yana da iyaka. Dole lokacin biya ya yi, adadin bashin ya zama sananne, asusun biyu kuma su kasance na mutum ɗaya a matsayi ɗaya. A 1962, a shari'ar British and French Bank da Opaleye, kotu ta ba banki rashin gaskiya saboda ya haɗe asusun mutum da na kasuwancinsa ba tare da sanar da shi ba. Bankuna sun san da wannan, don haka suke cusa sharaɗin amincewa a cikin fom ɗin buɗe asusu da takardar tayin rance, a ƙananan rubutun da ake nuna maka da biro a ce "sa hannu a nan, da nan". Ina kyautata zaton ta wannan ƙofa suka shiga asusunka na farko.

Cirar da aka yi a ɗaya bankin kuwa hanyarta daban. Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fito da tsarin GSI, wato izinin cire bashi daga asusun mutum na kowane banki, da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020. Da lambar BVN ɗinka, bankin da ke bin ka zai iya sa a lalubo asusunka a sauran bankuna, har da na haɗin gwiwa, a ɗebo abin da ya samu. Tun daga 2022 an ba su damar maimaita hakan har sai bashin ya ƙare. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma nan nake so ka buɗe ido. Sai ka sa hannu a takardar izinin GSI lokacin karɓar rancen. Abin da aka halatta musu su cira shi ne uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru kawai, ban da tarar jinkiri. Kuma mataki ne na ƙarshe, bayan bashin ya shiga sahun waɗanda aka kasa biya. Bankin da ya yi amfani da shi bisa kuskure dole ya mayar da kuɗin, CBN kuma ya ci shi tara.

Maganar marayu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Doka ta hana banki biyan kansa daga kuɗin amana idan ya san na amana ne. Da asusun yana ɗauke da sunan yaran, ko an rubuta cewa kai mai riƙo ne kawai, da babu wanda ya isa ya taɓa shi saboda bashinka. Amma ka zuba su a asusu mai sunanka, suka gauraya da cinikin shago, na'ura kuwa sunanka da lambarka kawai take gani. Wannan kuskure ya yi yawa a cikinmu: kuɗin gado, na adashe, na ginin masallaci, duk a asusun mutum ɗaya don an yarda da shi. Yardar tana nan, amma ba ta kare kuɗin daga masu bin sa bashi. Ba zan ɓoye maka ba, dawo da su zai yi wuya, kodayake ƙofa ba ta rufe ba. Idan kana da takardar rabon gado daga kotun shari'a, kuma bayanan asusun sun nuna ranar da kason yaran ya shigo da adadinsa, lauya yana da abin riƙewa. Ko an dawo da su ko ba a dawo da su ba, haƙƙin yaran yana wuyanka, a shari'ar Musulunci da ta ƙasa baki ɗaya.

Kada ka tsaya cacar baki da manaja, magana ta fatar baki ba ta zama hujja. Rubuta wasiƙa, ka nemi kwafin takardar tayin rancen, da izinin GSI mai sa hannunka, da cikakken bayanin asusun rancen tun daga ranar farko. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka karɓi lambar ƙorafi. Zauna da wanda ya iya lissafi ku bi layi-layi, ku ga ko an cusa tara ko wani caji da ba ku yi yarjejeniya a kansa ba. Banki yana da mako biyu ya warware yawancin ƙorafe-ƙorafe, na bashi kan kai kwana 30. Idan wa'adin ya wuce shiru, kai kuka Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN, ba a biyan ko kwabo. Daga nan sai Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya, dukansu suna sauraron rikicin banki da abokin hulɗarsa.

Kafin duk wannan, in da sauran kuɗin yaran a hannunka, gobe ka je ka buɗe musu asusu da sunansu.