Wa Zai Yi Mata Wankan Jego a Ingila?

Yaya, saƙonki ya iso, na kuma gane abin da ya hana ki barci. 'Yarki ga cikin fari, ga Ingila ƙasar sanyi, ba uwa ba kaka, kuma ba za ta zo goyon ciki ba. Kin tambayi yadda mu Hausawan da muka daɗe a nan muke yi. Zan faɗa miki yadda abin yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ta wajen asibiti ki kwantar da hankalinki. Da mace ta yi ɓatan wata sai ta sanar da likitan unguwarsu ko ta nemi ungozoma, don so ake a fara awo kafin ciki ya kai mako 10. Ungozoma a nan ma'aikaciyar lafiya ce da ta karanci aikin, ita ke riƙe da mai ciki har ta sauka, likita sai in an ga matsala. Mai cikin fari ana ganinta sau 10, ana hoton ciki wajen mako 12 da kuma mako 20. Tun zuwan farko ake ɗibar jini a duba sikila, in uwa na ɗauke da ita a kira uban shi ma. Za su ce ta riƙa shan bitamin D kullum, kuma ta ji maganar nan, domin rana ba ta da ƙarfi a nan, mu kuma ga baƙar fata ga lulluɓi.

Masu ce miki haihuwa kyauta ce a asibitocin gwamnati na NHS rabin zancen suka faɗa. Mijinta ya riga ya biya kuɗin lafiya tare da biza: ɗalibi da iyalinsa fam 776 kowane mutum a shekara, ma'aikaci fam 1,035. Wadda ta shigo da bizar ziyara ta haihu, ba za a kore ta ba, amma takardar bashi za ta biyo ta, kuma bashin da ya kai fam 500 yana iya hana ta biza nan gaba. Haka zancen fasfo. Tun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zaman dindindin. Jikanki ɗan Najeriya ne, fasfon Najeriya za a yi masa.

Abin da na fi ji wa 'yarki tsoro, Yaya, kunya ce. Mu aka raina a kan mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki, ba ta kuka a naƙuda, ta cije har ta sauka a yaba mata dauriya. A gida akwai tsohuwar da za ta dubi ƙafarta ta ga kumburi, ta ga yadda take tafiya ta gane lokaci ya yi. A nan babu mai karanta fuskarki. In aka tambaye ki kika ce lafiya lau, lafiya lau za a rubuta. Rahotannin MBRRACE, masu bin diddigin mace-macen masu juna biyu a ƙasar nan, sun nuna baƙar mace ta fi Baturiya haɗarin mutuwa fiye da ninki biyu, kuma rashin sauraren kokenmu na cikin abin da ake kuka da shi. To in dama ba a cika sauraro ba, ke kuma kika yi shiru, ina aka dosa? Shi ya sa muke zaunar da 'yan matanmu mu ce musu: ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, jini, ko yaro ya rage motsi, ki ɗauki waya ko da tsakar dare ne. In Turanci ya yi miki nauyi ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. In kina son mace ta duba ki, ki faɗa, ana ƙoƙarin yi, sai dai in abu ya zo da gaggawa wanda ke bakin aiki shi zai taimaka, kuma malamanmu ba su ga laifi a nan ba.

Miji kuwa yana shiga ɗakin haihuwa. Na san zai yi miki banbaraƙwai, amma shi ne uwarta shi ne gwaggonta a wannan dare, shi zai yi magana in ta kasa. Ana miƙo jariri zai karɓe shi ya yi masa huɗuba a kunne, ya ciro dabinon da aka sa a jakar haihuwa ya tauna ya shafa masa a dasashi. In suna son mabiya su binne, su faɗa tun kafin naƙuda, ana bayarwa, sai dai mai haya a bene samun wurin binnewa ke ba shi wuya.

Inda ɗacin yake shi ne bayan sallama. In lafiya aka haihu, kwana ɗaya ne, wani lokaci ma sa'o'i, sai gida. Ungozoma za ta biyo ta, ran kwana 5 a ɗan soki dugadugin jariri a ɗibi jini, daga baya wata jami'ar lafiya ta zo da jan littafin awo da rigakafi. Duk suna zuwa su tafi. Hutun miji mako 2 ne, daga nan sai ita da jariri da bango huɗu, ga hunturu, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Wannan kaɗaici yana karya mata, har ya zama ciwon damuwa na gaske.

Saboda haka muke yi wa juna jego. Da an ce wance ta sauka, sai a raba kwanaki a zaurenmu na WhatsApp: yau wannan ta kai farfesun kaza, gobe waccan ta dama kunun gyaɗa, wata ta ɗauke manyan yara, wata babba ta je ta kwana. Wanka ana yi, amma babu tukunya a murhu babu ganyen darbejiya. Ruwan zafi ne a baho, a tsoma tawul a matse a gasa mata baya da ciki, daidai yadda fata za ta ɗauka. Wadda aka yi wa aiki ba a taɓa wurin ɗinki. Kunun kanwa kuma mun rage shi ƙwarai, ni dai ba na bayarwa, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin gashi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Suna ran bakwai ake yi, ba fashi. Ba a yanka a tsakar gida, mahauci na halal ake ba wa ya kawo ragon a gyare, wasu kuma su aika kuɗi gida a yanka a raba. Rajistar haihuwa kwana 42 aka bayar, don haka ba wanda zai matsa musu su faɗi suna kafin a raɗa. Wanzami babu, uba ke yin askin da kansa. Cire beli ba ma yi. Taɓa gaban 'ya mace kuwa, ko angurya aka kira shi ko me, laifi ne da dokar 2003 ta yanke wa ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko da gida aka kai ta aka yi. Kaciyar namiji ana yi a asibitin kuɗi.

Ki nemi bizar ziyara tun yanzu, tana ba da zaman wata 6, ki haɗa da shaidar abin da zai mai da ke gida. In ta fito, ki taho da yajin jego da garin kunu, ban da kilishi da man shanu, don ba a shigowa da nama ko kayan madara. In ba ta fito ba, ni zan je in kwana da ita makon farko, na riga na gaya wa mijinta.