Rijiyoyin Ishaku a Gerar

Ɗan'uwa, ka tambaya ko littattafan Bani Isra'ila na dā sun yabi barin haƙƙi don zaman lafiya. Duba littafin Farawa, na farko a Attaura, sura 26. Bayin Ishaku suka haƙa rijiya a kwarin Gerar, makiyayan wurin suka ce ruwan nasu ne. Ya bar musu, ya sa mata suna Esek, wato jayayya. Ta biyu ma haka aka yi. Wanda ya taɓa jan guga da rani ya san girman abin da ya bari. Abin da ya fi taɓa ni: da sarki Abimelek, wanda ya kore shi, ya zo neman sulhu, Ishaku ya faɗa masa ɓacin ransa ƙiri-ƙiri, sannan ya yi masa liyafa.