Na gama biyan rance, banki ya riƙe min kuɗin ajiya

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Kano. Na karɓi rancen naira 800,000 a wani ƙaramin banki, suka cire 80,000 suka ce ajiyar dole ce, za a maido min in na gama biya. Wata uku ke nan da gamawa, kullum sai je ka dawo. Ba kuɗina ba ne? In kai su wurin 'yan sanda?

Amsa: Malam, ban ga takardunka ba, don haka zan yi magana ne a kan abin da aka saba gani, kuma yarjejeniyarka tana iya bambanta.

Kuɗinka ne, amma ba irin ajiyar da kake cira duk sanda ka ga dama ba ce. Jingina ce. Mai riƙe da jingina ba ya sakinta sai bashi ya ƙare, kuma littafin banki ake dubawa, ba lissafin da ka yi a ka ba. Ka biya kashi na ƙarshe, na yarda. To, akwai watan da ka makara, ko da da kwana huɗu? Tarar makara takan taru shiru, mai rance bai sani ba. Yawancin takardun rance kuma suna ba banki ikon ɗebe abin da yake bin ka daga duk asusunka da ke hannunsa. In rancen ƙungiya ne, ko ka taɓa tsaya wa wani, sa hannun da ka yi yana iya sa a riƙe ajiyarka saboda bashin da ba kai ka ci ba. Nan ne mutane suka fi shan mamaki, alhali yawanci a rubuce yake, a shafin da ba a karantawa.

Batun 'yan sanda ka ajiye shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma bisa abin da ka faɗa, naka bai wuce nan ba.

Wannan bai wanke bankin ba. In suna bin ka wani abu, su faɗi nawa ne, a rubuce. Wata uku na je ka dawo ba amsa ba ce.

Ka daina zuwa da baki. Rubuta wa manajan reshe wasiƙa, ka nemi cikakken bayanin asusun rancen daga ranar farko, da na asusun ajiyar, da takardar shaidar cewa ba a bin ka bashi. Ka haɗa da kwafin takardar rancen da rasitanka, a buga maka tambarin karɓa a kan naka kwafin. Bayanin in ya zo, ka gwada kowane caji da abin da ka sa wa hannu. Cajin da ba ya cikin yarjejeniya kana da damar ƙalubalantarsa.

In suka yi shiru, sai Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya, amma ba za su saurare ka ba sai ka nuna ka fara kai kuka bankin, ka kuma ba shi wa'adi. Mako biyu aka saba, ƙorafin rance yakan kai kwana 30. In masu rancen na manhajar waya ne marasa lasisin banki, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ce ta fi kusa.

Kotu tana nan, har da ta ƙananan da'awa a Kano, sai dai a kan 80,000 zirga-zirga da rufe shago za su iya cinye rabin abin da kake nema. Ni da zan ba ka shawara, in lissafi ya nuna ragowar tara ƙarama ce, ka nemi su yafe ko su cire ta su ba ka saura, a rubuta, kowa ya sa hannu. In sun ƙi zama, akwai zauren sulhu na Babbar Kotun Kano. Kada dai ka sa hannu a takardar da ta ce an sallame ka kafin kuɗin su shiga asusunka.