Yadda za ka gane ɓeran gwaji yana jin zafi

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka san ɓerayen da ka yi wa tiyata suna jin zafi, tunda ba sa kuka. Ɓera yakan ɓoye ciwonsa, amma fuska tana tona shi: ido a runtse, kunnuwa sun ja baya, kumatu sun kumbura. A 2010 masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka fitar da ma'aunin waɗannan alamomi. Duba kuma ko ya daina haɗa sheƙa.

Ni dai ban yarda a jira alama ba. A ba shi maganin kashe zafi, buprenorphine, tun kafin a tsaga, bisa shawarar likitan dabbobi. Kuma don Allah ka daina ɗaga su ta wutsiya, hakan yana firgita su. Ka bari su shiga bututu, sai ka ɗauka.