Tambaya da Amsa: Na zana da'ira a kwamfuta, inji ya fito min da ƙwai

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin waya sun ɗan lafa, sai ga wata doguwa daga Jidda wadda ba a saba kawo min irinta ba, amma tunda injin da ake magana kwamfuta ce ke tuƙa shi, toh ai ya shigo gonarmu.

TAMBAYA: Salam Malam, ɗan'uwanka ne daga Jidda wajen Karantina, ina da ƴar warsha ina gyaran jawwal (wayar hannu) kuma ina yanka alluna na suna. Na haɗa injin sassaƙa ƙarfe da hannuna, irin wanda kwamfuta ke juyawa, tafiyarsa santimita 40 a tsawo 30 a faɗi, moto mai tafiya taki-taki, girman NEMA 23, guda uku, sandar da ke tura teburin kuma irin mai zaren nan ce ta shagon kayan gini M10 da noti biyu. A katako ba laifi amma da na sa alminiyon sai in zana da'ira ta fito kamar ƙwai, ramuka ma basa haɗuwa. Na duba intanet naga bolsukuru (sandar zare mai ƙwallaye a cikin noti) akwai C7 akwai C5 kuma kuɗin C5 ya ninka, dan Allah wanne zan saya? Ko matsalar daga kwamfutar ce dan tsohuwa ce sosai.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Fara da wanke kwamfutar nan daga zargi, ba ruwanta. Ita lissafi kawai take turawa, ta ce ma moto juya taki kaza, kuma ko ta zamanin Windows 7 ce ba zata ƙirga ba daidai ba. Ɓarnar tana tsakanin moto da tebur.

Sandar da ka sa an yi ta ne don a ɗaure abu a bar shi, ba don noti ya yini yana kai da komo a kanta ba. Zarenta mai kaifi ne, kusurwa 60, kowane juyi ɗaya milimita 1.5 take tafiya, kuma tun daga masana'anta an bar sarari tsakanin noti da zare don ya shiga da hannu. Wannan sararin shi ne ƙwan da kake gani. Duk sanda inji zai juya baya, sai moto ya ɗan yi juyin banza kafin zare ya sake kama noti, ita kwamfuta tana ɗauka tebur ya tafi alhali yana nan tsaye. A da'ira kuwa sau huɗu ake wannan sauyin, biyu a tsawo biyu a faɗi, in ka shafa yatsa a bakin yankan zaka ji ɗan tudu a wuraren. Katako yana rufa asiri saboda laushi, alminiyon baya rufa ma kowa.

Yanzu maganar C7 da C5. Lambar tana faɗin kuskuren zaren ne a tafiyar milimita 300. C7 an yarda ya kauce har milimita 0.05, C5 kuma 0.018, akwai C3 ma mai 0.008 amma wannan ba namu bane. Yawancin C7 murza zaren ake yi da matsi, C5 na gaskiya kuwa galibi wasa shi ake da dutse, shi ya sa kuɗin. Toh kaga duka bambancin da zaka biya ninki a kai bai wuce 0.032 ba, wajen rabin kaurin gashin kai. Ga kuma abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: ƙarfe yana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.012 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Sanda mai milimita 300, digiri 10 kacal, ta ƙara wajen 0.035. Kai da kake Jidda, ka kunna inji bayan asuba mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na aiki, ka dawo bayan azahar a watan Agusta an kashe shi an buɗe ƙofar warsha, ita kanta sandar ta ɗumama da aiki, wlh zafi kaɗai ya cinye kuɗin C5 ɗinka. In ma gangar injin ta alminiyon ce abin ya fi haka, don shi miƙewarsa ta kusa ninka ta ƙarfe.

Saboda haka ni dai C7 nake ce maka, SFU1605, wato kauri milimita 16, tafiya milimita 5 a juyi ɗaya. Kuma ka bar ganin an rubuta C5 a talla da araha, rubutu ba wuya. Masu suna irin su THK na Japan ko HIWIN na Taiwan in nasu ne na asali farashin da kansa zai gaya maka. Akwai 1610 mai tafiya 10, ta fi sauri, tana da kyau ga mai yanka katako da manyan alluna, amma kai da kake son ƙarfe gara 1605, ta fi ƙarfin turi kuma takinta ya fi ƙanƙanta. Kar kuma wani ya ruɗe ka da T8 ta injin buga abu na 3D, milimita 8 ce kaurinta, a alminiyon lanƙwasa zata dinga yi.

Abin da ya sa bolsukuru ta bambanta, a cikin notinta akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke gangarawa cikin zaren suna zagayowa, ba goga ake ba, shi ya sa kusan kashi 90 na ƙarfin moto yake isa tebur, mai zaren gargajiya kuwa sau da yawa ko rabi baya kaiwa. Amma kar ka ɗauka da ka saye ta sako-sako ya ƙare. Noti guda na araha yakan zo da ɗan wasa, in kana son ka kashe shi ka nemi mai noti biyu, DFU1605, wanda aka matse su da juna, sai dai ya fi tsawo zai ci maka ɗan tafiya.

Inda mutane suka fi faɗuwa kuma shi ne bakin sandar. Ka sayi sanda mai kyau ka ɗora ta kan boris (zoben ƙwallaye da sanda ke juyawa a ciki) na banza, duk sandar ce zata dinga zamewa gaba da baya, noti bai yi laifin komai ba. 1605 tana tafiya da gidajen boris biyu, BK12 a gefen moto da BF12 a ɗaya gefen. BK shi ke riƙe turi, kamata yayi a cikinsa a samu boris biyu masu kusurwa, lamba 7001, suna matse da juna. Ni na taɓa yin oda wajen wani mai sayarwa a intanet, na haɗa komai na auna naga wasa ya kusa 0.1, na kwana biyu ina zagin noti, da na kwance BK ɗin sai ga 6001 a ciki, boris na yau da kullum irin na ƙaramin moto. Na canja su, wasan ya sauko 0.03. Kuɗin da ka so zubawa a C5 nan ne wurinsa, da kuma mahaɗin moto da sanda, ka ɗauki mai haƙora da roba a tsakiya, ka bar na alminiyon ɗin nan mai tsaga kamar sifirin, murɗewa yake in aiki yayi nauyi.

Kafin ka sayi komai ma ka nemi agogon awo mai allura, wanda ke nuna 0.01, da gindinsa na maganaɗisu, ana samu a shagunan kayan makharaɗa (injin fere ƙarfe) a Sana'iyya, unguwar masu sana'a, wani lokacin har a Haraj, kasuwar gwanjo, in ka yi sa'a. Ka kafa shi ya taɓa tebur, ka tura gaba kaɗan ka mai da allura sifili, ka ƙara gaba milimita 1, ka dawo baya milimita 1. Abin da ya rage allura bata koma ba shi ne wasanka. Sannan ka ɗora bakin agogon a kan ƙarshen sandar kanta ka maimaita, in allura ta motsa toh boris ne, in bata motsa ba noti ne ko mahaɗi.

Wajen oda ka ce a gyara maka bakunan tun daga can daidai BK12 da BF12, don bayan sandar an ƙona shi yayi tauri, mai makharaɗa zai sha wahala kuma in ya kauce ko kaɗan sandar zata dinga rawa. Tsawo kuma ba milimita 400 zaka ce ba, sai ka haɗa da tsawon noti da bakuna biyu, wajen 550 zuwa 600. In ta iso dan girman Allah kar ka zare notin daga jiki don ka leƙa ciki. Ni na yi, ƙwallayen suka watse a kan tayil, na durƙusa da maganaɗisun tsohuwar sifika ina tsinta har aka kira isha'i, biyu ban gansu ba har yau. In dole sai ka cire, da ɗan bututun da ya zo da ita ake yi, noti ya zame kansa. Sai giris na litiyom ta ɗan bakin da ke jikin notin, da rufi ko na leda mai kauri ne, don ƙurar garin nan in ta haɗu da giris ta zama sanfefa.

Ɓangaren kwamfuta kuwa lamba ɗaya zaka canja. Moto taki 200 yake a juyi, in direban moto yana raba kowane taki gida 8 ya zama 1600, raba da 5, taki 320 a milimita. In manhajar tuƙin inji ta GRBL kake a kan ƙaramin allon Arduino sai ka sa a saitin da ake kira $100 da $101. Mach3 da LinuxCNC, manhajojin tuƙa inji daga kwamfuta, suna da wurin da ake rubuta yawan wasa su rama da lissafi, yana taimako wajen huda ramuka, amma baya hana wuƙa fizgar tebur cikin wannan sararin, kar ka dogara da shi.

TAMBAYA: Malam daga Makka, Shari'a Mansur. Na sa bolsukuru a layin da ke sama da ƙasa da kan inji, da na kashe wuta sai kan injin ya sulalo ya karya min wuƙa har biyu. Lalacewa tayi?

AMSA: Lafiyarta lau ƙanena, santsinta ne ya jawo. Tunda babu goga, nauyin kan da kansa yake juya sandar da zarar moto ya saki. Ko ka sa moto mai birki, ko ka rataya ma kan sifirin ko sandar gas irin ta but ɗin mota ta ɗauke nauyin, ko kuma a wannan layin kaɗai ka koma mai zaren tudu, Tr16x4 da notin tagulla, ita tana riƙe kanta, kuma nauyin kan yana danne wasan gefe guda. Kafin nan dai ka dinga sa guntun katako a ƙarƙashi kafin ka kashe.

TAMBAYA: Laftof ɗina ba shi da babban ramin firinta na da, in na sayi wayar USB mai wannan bakin Mach3 zai yi aiki?

AMSA: Ba zai yi ba, kar ka ɓata riyal ɗinka. Wannan wayar firinta kawai ta sani, bata iya fitar da taki a kan lokaci. Allon tuƙi na USB ko na wayar intanet wanda aka yi don Mach3 zaka nema, ka tabbata ya zo da manhajarsa ta haɗi, in ba haka ba ka koma GRBL.